Ummi, kada ki cire kuɗin da hannunki

Zariya, 8 ga Fabrairu, 2026

Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki da yara, kuma sanyin Lids bai takura muku ba. Mu nan hunturu ya fara sassautawa, ana ta shirin azumi. Mahaifiyarki tana lafiya, ƙafar ma da sauƙi sosai.

Na saurari saƙon muryar da kika turo ranar Laraba har sau biyu. A waya na ce miki ki dakata, amma na san kina tsakiyar aiki, ba lallai ki kama dalilina ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Kin ce bankin da asusunki na ISA, wato asusun ajiyar Birtaniya da ba a cire wa haraji, yake ya rage abin da yake ba ki, kin ga wani da ya fi shi, don haka ranar hutunki za ki kwashe kuɗin zuwa asusun albashinki, daga nan ki tura wa sabon. Ummi, don Allah kada ki yi haka. Sauya bankin ba laifi ba ne, hanyar da kike shirin bi ita ce matsalar, kuma ni na taɓa bin ta.

A 2006 ne, muna Manchesta, kina aji biyu a firamare. An fara tsarin ISA a Afrilun 1999, kuma a shekarun nan iyakar tsabar kuɗin da mutum zai zuba a shekara fam 3,000 ce. Ina ɗan tsimi daga albashi da aikin ƙarin lokaci, har abin ya kai wajen fam 14,000, niyyata ginin gidan nan da muke ciki. Sai na ga tallar wani banki a jarida. Na je tsohon bankina na ce a rufe asusun, aka rubuta mini caki, ba wanda ya tambaye ni ina zan kai shi. Na sa shi a aljihun kwat na ciki saboda ana ruwa, na taka zuwa ɗaya bankin, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Matar da ke kan kanta ta karɓi cakin, ta dube shi, ta dube ni, sannan ta juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna mini da biro. Ta ce fam 3,000 kawai za ta iya sa mini a ISA, domin tun da kuɗin ya fito ya shiga hannuna, a wurin hukumar haraji sabon zubi ne. Na koma tsohon bankin a jiƙe, suka ce bakin alƙalami ya bushe. Fam 11,000 suka koma asusun da ake cire wa haraji, sai da na shafe shekara huɗu ina mayar da su kaɗan-kaɗan. Har yau idan na tuna, abin da ya fi yi mini ciwo shi ne takarda guda ɗaya ce da ta hana duk wannan.

Ki ɗauki ISA kamar rumfa ce da gwamnati ta kafa, duk abin da ke ƙarƙashinta haraji ba ya taɓa shi, amma ƙofar shiga ƙarama ce. Yanzu fam 20,000 ake bari a shigar a shekara, haka yake tun 2017. Shekarar harajinsu tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu mai zuwa, kuma damar da ba ki yi amfani da ita ba ta tafi ke nan, ba a ɗaga ta zuwa baɗi. Abin da kika tara a shekarun baya ba ya cikin wannan lissafin, muddin bai fita daga rumfar ba. Ke kuma kin ce naki ya haura fam 30,000, ga shi kin riga kin zuba wani abu a bana. Kin ga da kin cire, fiye da kashi ɗaya cikin uku zai tsaya a waje.

Yadda ake yi kuwa mai sauƙi ne. Sabon bankin za ki fara zuwa, ba tsohon ba. Ki tabbatar asusun da kike so yana karɓar kuɗin da aka sauyo daga wani wuri, domin ba dukkansu ke karɓa ba, wani lokaci ma wanda aka fi yi wa talla shi ne ba ya karɓa. Ki buɗe, ki cike fom ɗin sauya ISA, a manhaja ko a takarda. Za su nemi lambar inshorarki ta ƙasa da lambar tsohon asusun. Daga nan bankunan biyu ne za su yi magana a tsakaninsu, ke naki ido. Ƙa'ida ta ce daga asusun tsabar kuɗi zuwa irinsa kada ya wuce kwanakin aiki 15, idan kuma na hannun jari ne, kwana 30. Ki rubuta ranar da kika miƙa fom ɗin a bayan kalandar kicin, ki ajiye hoton shafin. Tun daga Afrilun 2024 an sassauta, kina iya sauya wani ɓangare ki bar saura, har ma daga cikin zubin bana, kuma kina iya zuba kuɗi a asusun tsabar kuɗi fiye da ɗaya a shekara guda, in dai jimlar ba ta wuce iyaka ba.

Abu ɗaya ki duba kafin ki sa hannu. Idan tsohon asusun na ƙayyadadden wa'adi ne, shekara ɗaya ko biyu, fita kafin lokaci akwai tara, yawanci ribar wasu watanni suke zaftarewa. A fom ɗin akwai wurin da za ki zaɓa, ko a jira wa'adi ya cika ko a sauya yanzu ki ɗauki tarar. Ki ɗauki biro ki lissafa. Idan saura wata biyu ko uku, haƙuri ya fi.

Kila wata abokiyar aikinki ta ce miki ita ta cire ta mayar ba abin da ya faru. Gaskiya ta faɗa, akwai irin asusun da aka fito da shi a 2016 mai sassauci, wanda za ki cire ki mayar cikin shekarar harajin ba tare da an ƙirga miki ba. Amma ba kowane banki ke da shi ba, kuma kuɗin shekarun baya asusun da ya fito shi zai koma. Ba hanyar ƙaura ba ce.

To, batun wanda za ki zaɓa. Na lura a saƙonki lamba ɗaya kawai kika ambata, wadda aka rubuta da manyan baƙi a talla. Sau da yawa a cikinta akwai garaɓasar wata goma sha biyu, ko ma ƙasa da haka, da ta ƙare sai abin ya faɗo shiru ba sanarwar kirki, suna ƙirga cewa mai aikin dare irinki ba za ta lura ba. Ina zaton abin da ya same ki a bankin yanzu ke nan. Ki nemi ranar da garaɓasar za ta ƙare, ki sa wa wayarki tuni. Sannan ki auna bambancin da kuɗi, ba da kaso ba. Rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari a kan fam 30,000 fam 75 ne a shekara. Kuɗi ne, ban raina ba, amma bai kai ki sayi ciwon kai da shi ba.

Ciwon kan nan na san shi. Bayan mun dawo gida, na bar ajiya a wurare biyu a can. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya kulle mini asusu, wai sun tura lambar sirri zuwa tsohon layina na Ingila wanda ya daɗe da mutuwa. Ina zaune a barandar nan, katin waya na ƙonewa, kiɗa yana ta yi mini a kunne minti arba'in, da aka ɗauka sai yaron ya ce in zo reshe da fasfo. Na ce masa daga Najeriya nake kira. Ya sake karanta mini jumlar nan dai, kamar ban yi magana ba. Sau huɗu ina kira, kowane lokaci sabon mutum, kowane lokaci in faro labarin daga tushe. Kuma a makon ne ake jiran kuɗin aikin idon kakarki, mai sunanki, Allah ya jiƙanta. Ɗaya wurin kuwa, wanda abin da yake bayarwa bai kai na farkon ba, wata dattijuwa ce ta ɗauka. Ta yi mini tambayoyi, ta faɗa mini takardun da zan aiko da wanda zai buga musu hatimi, ta ba ni sunanta da lambar da zan ambata in na sake kira. Kwana tara aka gama, da kuɗinsu aka yi aikin. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma banki ma sai ranar da abu ya ɓaci ake sanin halinsa.

Saboda haka ki gwada su kafin ki ba su amana. Ki kira lambarsu a irin lokacin da kike samun sarari, bayan kin tashi daga aikin dare ko ranar Asabar, ki ga minti nawa za a yi kafin ɗan Adam ya ɗauka, in ma akwai lambar, don wasu sababbin nan sai dai rubutu a manhaja. Ki tambaye su abu biyu: yaya za a yi idan wayarki ta ɓata kina hutu a Zariya, kuma me zai faru da asusun idan kika bar ƙasar. Amsar ta biyun ki riƙe ta tun yanzu: wanda ya daina zama a Birtaniya yana iya barin ISA ɗinsa a buɗe, haraji na can ba zai taɓa shi ba, amma ba zai ƙara zuba ko kwabo ba, kuma wajibi ne ya sanar da bankin. Idan wanda ya ɗauki wayar bai san wannan ba, ko ya ƙagu ya sallame ki, kin ga alama. Akwai kuma binciken da hukumar kula da gasar kasuwanci ta tilasta wa manyan bankuna su liƙa a rassansu da shafukansu, ana sabunta shi Fabrairu da Agusta, inda masu hulɗa suke faɗin ko za su ba wani shawarar ya zo. Kan asusun yau da kullum ake yin sa, amma ma'aikatan ai su ne dai. Sharhin mutane a intanet ki karanta shi da hankali, mai fushi ya fi mai jin daɗi saurin rubutu. Ki nemi ƙorafin da ke maimaita kansa, musamman kan jinkirin sauya asusu.

In sun yi miki wasa da lokaci, kada ki tsaya kan waya kawai. Ki rubuta ƙorafi a hukumance, suna da mako 8 su ba ki amsa ta ƙarshe. In ba ta gamsar da ke ba, ki kai wa Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin bankuna da masu hulɗa da su, cikin wata 6, kyauta ne. A lokacina ban san da wannan ƙofar ba sai da aka makara.

Ki tabbatar kuma wurin yana ƙarƙashin FSCS, wato tsarin da ke biyan masu ajiya idan banki ya rushe, kamar NDIC ɗinmu ta nan. Ina can a Satumbar 2007 na ga layin mutane a ƙofar bankin Northern Rock lokacin da ya shiga matsala, tsofaffi da littafin ajiya a hannu. Daga 1 ga Disambar 2025 kariyar ta tashi daga fam 85,000 zuwa 120,000 ga kowane mutum, a kan kowane lasisi, ba kowane suna ba. HSBC da First Direct lasisinsu ɗaya, haka Halifax da Bank of Scotland. Ba ki kai can ba tukuna, amma Allah zai kai ki.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a zuciyata. Abin da asusun tsabar kuɗi na yau da kullum ke bayarwa kuɗin ruwa ne, kin sani na sani. A farkon zamana can ba mu da zaɓi sosai, sai a 2004 aka buɗe bankin Musulunci na farko na jama'a, wanda yanzu ake kira Al Rayan. Akwai kuma Gatehouse. Su ba sa yi miki alƙawarin ruwa, ribar da ake sa ran samu suke faɗa, daga jujjuya kuɗin a harkokin halal, kuma kariyar FSCS ta shafe su. Tun da dama ƙaura za ki yi, ki fara duba abin da suke da shi, ki yi musu gwajin wayar nan kamar kowa, kada sunan Musulunci ya sa ki ɗaga musu ƙafa. Wanda ya riga ya taru na ruwa, ki tambayi malamin da kika yarda da shi yadda za ki fitar da shi. Kuma yafewar haraji ba ta yafe zakka, in shekara ta zagayo ki fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari.

Kin kuma tambaye ni asusun nan na sayen gida, Lifetime ISA. Fam 4,000 ake zubawa a shekara, gwamnati ta ɗora kashi 25, wato har fam 1,000, kuma sai kafin mutum ya cika 40 ake buɗewa. Amma gidan farko ne kawai, a Birtaniya, wanda bai wuce fam 450,000 ba, ko kuma ki jira sai kin cika shekara 60. In kika cire don wani dalili, kashi 25 za a yanke daga duka: 5,000 ta koma 3,750, kin yi asarar 250 daga gumin kanki. Ginin Kaduna da kuke magana ba ya ciki. Sannan wanda ya taɓa mallakar gida ko'ina a duniya, ko da na gado ne, ba a ɗaukarsa mai sayen farko. Shi ya sa ban sa sunanki a takardun gidan Tudun Wada ba tukuna, sai kun yanke shawara ke da maigidanki inda za ku zauna. Ku yi maganar da wuri, don an sanar a kasafin Nuwambar bara cewa daga Afrilun 2027 waɗanda ba su kai shekara 65 ba fam 12,000 kawai a shekara za su iya zubawa a ɓangaren tsabar kuɗi.

Kada ki bari sai ƙarshen Maris, lokacin kowa ke rububi, layukan waya su cushe. Ki yi kiran gwajin a makon nan, ki cike fom ɗin kafin a ga wata, in kin gama ki turo mini hoton in duba miki. Mahaifiyarki ta ce in gaya miki kuka da daddawar suna wurin ɗan Baba Ƙarami, jirginsa ranar 20 ga wata. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran. Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a abin da kike tarawa.

Wassalam,
Babanki