Rahoton Ayyukan Shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena.

Bana ma ni aka ɗora wa rubuta rahoton ƙungiyarmu ta tallafa wa masu fama da kansar mama, ga littafin ma'aji da ya maƙale a hannuna tun da mai riƙonsa ta tafi jinya Zariya. Allah ya tashi kafaɗunta.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi. Atisayen Asabar ma bai tsaya ba sai a tsakiyar zafin bazara.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne taron Oktoba, watan wayar da kai kan kansar mama. Tun bayan sallar asuba aka fara shigowa, har tabarmi suka ƙare aka aro na maƙwabta. Tun da aka buɗe cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina a watan Yuli, masu neman mu sun ƙaru, kuma ranar muka ga haka da idonmu. Likitar fisiyo, wato ta gashi da motsa jiki, wadda ba ta taɓa karɓar ko sisinmu ba, ta fara da mulmula kafaɗa, sannan hawan bango da yatsu. Ta yi bayanin dalilin da hannu ke kumbura bayan an cire kaluluwar hammata: ruwan da ya saba bi ta nan ne ya rasa hanya, kuma naɗe hannun a ƙirji don tsoro sai dai ya sandarar da kafaɗa. Da wata ta ce gajiyar kemo, wato maganin kansa, ba ta barinta ko tashi, likitar ta ce tafiya a hankali tana rage wannan gajiyar. Minti 150 a mako Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, amma mai fama ta fara da minti biyar a tsakar gida. Ta ja kunnen wadda ciwon ya taɓa ƙashinta, ko mai zazzaɓi, kada ta fara sai likitanta ya yarda.

Sai ga Iyarmu ta Ƙofar Marusa. Kun san bayan tiyatar da aka yi mata jikarta ce ke ɗaura mata ɗankwali. Layin alli da muke ja mata a bango duk Asabar, a inda hannunta ya kai, yana nan, daga daidai ƙirji har ya wuce kanta. Ranar ta kwance ɗankwalin a gaban kowa, ta ɗaga hannu biyu ta ɗaura abinta, har da ture shi gaban goshi. Guɗa ta kaure, ni kuwa na manta ina riƙe da rajista, hawaye ya jiƙa shafin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Safar matse hannu ta rage kumburi da muka yi alkawari ba a saya ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Ba barci muka yi ba. Safar nan sai an auna hannun kowacce, ba a tsintar ta a kasuwa kamar safar ƙafa, kuma farashin da aka ba mu a farkon shekara ya tashi kafin mu haɗa rabi. Ɗan abin da ya taru ya tafi kuɗin Keke Napep na marasa ƙarfin da ke zuwa atisaye. Da a bar mace a gida, gara a jinkirta safa. Shirin rediyon da muka so yi ranar 4 ga Fabrairu, ranar kansa ta duniya, shi ma rashin kuɗi ya kashe shi. Reshen Daura kuwa sau biyu ana sa rana, masu motar da suka yi alkawari suna kashe waya.

Ba da masu jinya nake ba, an yafe musu kuɗin wata tun farko. Da masu lafiya nake, waɗanda suka rubuta suna, suka karɓi hijabin ƙungiya, ba a sake ganinsu ba sai ranar hoto. Ko rabinku ba su biya ba. Na yi kira, na yi saƙo a WhatsApp, na taka har gida an ce Hajiya ta shiga wanka. Wata ma anko uku ta ɗinka bana, na gani.

Littafin yana wurina har taron Janairu. Ranar zan karanta sunan mai bashi ɗaya bayan ɗaya, sannan a zaɓi wadda za ta karɓe shi, don ni na sauke.

Sakatariya