Kafin a sake sayen kwamfutocin tebur a makarantun karkara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye da masu shagunan buga takardu a ƙauyukanmu kan wata na'ura da ba a faye kula da ita ba, wato mahaɗar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Ƙaramin akwati ne da ake girkewa a kan tebur, a jona masa babban allo da kibod da linzami da firinta, su zauna a wurin dindindin. Idan mai kwamfuta ya zo, kebul ɗaya kawai zai soka, nan take aikinsa ya bayyana a babban allon, batir kuma ya shiga caji ta wannan kebul ɗin.

A ganina wannan tsari ya fi dacewa da mu mutanen karkara fiye da na birni, saboda halin wutar lantarki. Kwamfutar tebur tana mutuwa ne da zarar an ɗauke wuta, duk rubutun da ba a adana ba ya salwanta, alhali tafi-da-gidanka tana ci gaba da batirinta ko da babban allon ya mutu, kuma da yake cajar yawancinsu ba ta wuce wat 45 zuwa 65 ba, ƙaramar sola tana iya ɗaukarta. Da an tashi daga makaranta sai malami ya zare kwamfutar ya kulle a ofis, ba a bar wa ɓarayi da ƙurar hunturu ba. Bugu da ƙari, tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya, don haka ya kamata hannun ɗalibi ya saba da cikakken kibod da linzami kafin ranar. Tsofaffin allunan da ke jibge a ɗakunan ajiya, waɗanda injinansu suka lalace, za su iya dawowa aiki ta wannan hanya.

Sai dai wajen saye ne ake yawan asarar kuɗi. Ramin USB-C, wato ƙaramin ramin da ke jikin kwamfuta inda ake soka kebul ɗin mahaɗar, wanda aka fito da shi a 2014, kamanninsa ɗaya ne a kowace kwamfuta, amma ba kowanne ne ke fitar da hoto zuwa allo ko yake karɓar caji ba. Wanda ke da alamar walƙiya mai kan kibiya a gefensa Thunderbolt ne, kuma yana ɗaukar hoto da bayanai a lokaci guda. Ya kamata kuma a duba ƙarfin wutar da mahaɗar ke bayarwa, domin idan bai kai na cajar asali ba, batir zai riƙa cika a hankali, ko ma ya riƙa sauka ana tsakiyar aiki.

Yawancinmu kuwa na gwanjo muke saye. Tsofaffin Dell Latitude masu harafin E suna da mahaɗarsu ta musamman da ake ɗora su a kai, HP EliteBook da dama kuma ta gefe ake maƙala musu tasu, kuma ta wannan ba ta shiga wancan. Haka nan tsohon allo mai kebul mai shuɗin kai, wato VGA, yana buƙatar ɗan adafta idan ramin HDMI, wanda sababbin alluna ke amfani da shi, kaɗai ne a jikin mahaɗar.

Saboda haka ina ba duk wanda aka aika sayayya Kano, ko Farm Centre ko titin Beirut, shawarar ya tafi da kwamfutar da kanta, a jona ta da allo a gabansa, ya ga hoto ya fito kuma caji ya kama, sannan ya biya kuɗi ya karɓi rasit.

Wassalam.

Wani malamin sakandare,
Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.