Jadawalin Waƙoƙi Na Ƙashin Kai: A Sauya Ƙa'ida, Amma Kada A Taɓa Makonnin Baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wata sha'awa da ba kasafai ake ambatonta ba, wato ta mutanen da ke zama kowane mako su jera waƙoƙin da suka fi kwanta musu a rai, daga ta ɗaya zuwa ta ashirin ko ta arba'in, su rubuta a littafi ko a kwamfuta, su ci gaba da yin haka shekara da shekaru ba tare da wani ya sa su ko ya biya su ba. Akwai masu wannan sha'awa a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai, amma mu ma nan akwai 'yan tsiraru, ina kuma cikinsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda a ƙarshen kowace shekara matasanmu ke yaɗa jerin waƙoƙin da suka fi saurara a shekarar, wanda manhajar sauraron waƙa ta Spotify ta haɗa musu, a yi ta gardama kan wace waƙa ce ta cancanci zama ta ɗaya, alhali ba a tsaya an tambayi da wace ƙa'ida aka yi lissafin ba. Wannan jerin yakan fito ne a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, saboda haka abin da mutum ya saurara a makonnin ƙarshe na shekara ba ya ciki, wannan ma ƙa'ida ce da wani ya kafa, ba haka aka tarar ba.

Sha'awar ta samo asali ne daga kwaikwayon manyan jadawalai. A watan Nuwamba na 1952 Percy Dickins na jaridar New Musical Express ya buga wa wasu shagunan sayar da faifai na Ingila waya, kimanin ashirin, ya tambaye su abin da ya fi tafiya, daga nan aka sami jadawalin farko na cinikin faifai a ƙasar. A Amurka kuma mujallar Billboard ta ƙaddamar da jerin waƙoƙinta ɗari a watan Agusta na 1958, sannan daga 1970 Casey Kasem ya riƙa karanto arba'in na sama a rediyo kowane mako. Yaron da ya kasa kunne ya ji an ajiye waƙar da yake so a mataki na talatin, wadda ba ya ƙauna kuma tana kan gaba, shi ne ya fara jan layi a bayan littafin makaranta yana cewa bari ya yi nasa. A farkon lamari ba ya bukatar wata ƙa'ida, domin zuciyarsa ce alƙali. Bayan wasu watanni ne matsaloli suke ɓullowa, kowace kuma takan haifar da doka.

Tambayar da ta fi saurin tasowa ita ce wace waƙa ce ke da izinin shiga. Har zuwa Disamba na 1998 Billboard ba ta sa waƙa a jerinta na ɗari sai an fitar da ita a faifai ko kaset nata na daban an sayar, ko da kuwa gidajen rediyo sun cika gari da ita. Masu jadawalin gida da yawa a can sun bi wannan doka sau da ƙafa, da aka soke ta kuma suka soke. A wurinmu dokar ba ta taɓa yin ma'ana ba, tunda kaset ɗin mawaƙi ko na fim yakan zo ne da waƙoƙinsa a haɗe, kuma ba a san wata rana guda da za a ce ita ce ranar fitowar waƙa ba, sai dai ranar da ta iso shagon unguwa ko aka ji ta a shirin Zaɓi Sonka. Don haka ƙa'idar da ta fi dacewa da mu ita ce waƙa sabuwa ce ranar da ta fara shiga kunnen mai jadawali. Sai dai wannan ma ta buɗe wata ƙofa, domin matashin da ya gano waƙoƙin Mamman Shata ko na Musa Ɗanƙwairo a bana zai ga sun mamaye masa jeri sun ture na zamaninsa, sai ya rasa ko ya bar su ko ya ware musu shafi.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun yaushe waƙa za ta fita. Tun shekarun 1990 Billboard take cire waƙar da ta yi mako 20 idan ta faɗo ƙasa da mataki na 50, a 2015 ta ƙara da cewa wadda ta yi mako 52 za ta fita idan ta sauko ƙasa da na 25, kuma a 2025 ta sake tsaurara dokar saboda waƙoƙi sun koma shekara guda suna zaune a sama. A Ingila wata dabara aka yi a 2017: waƙar da ta kai mako goma a jadawali kuma sauraronta ya yi ta raguwa makonni uku a jere, sai a rage darajar sauraron nata da rabi domin ta yi saurin sauka. Masu jadawalin gida sun kwashi waɗannan dokoki, wasu suka ce mako ashirin waƙa ta yi sallama, wasu suka ce rabin shekara. A ganina nan ne kwaikwayo ya fi yin ɓarna. An kafa waɗannan dokoki ne saboda kamfanonin waƙa da gidajen rediyo suna bukatar gurbi ga sabon kaya, mutumin da ke rubuta jerinsa a ɗakinsa kuwa ba shi da kayan sayarwa. Idan waƙa ta yi wata takwas tana ransa ya kore ta saboda wa'adinta ya cika, to littafin ya fara faɗin abin da ba haka yake ba. Na san uzurin da ake bayarwa, cewa jerin da ba ya motsi yana gundurar mai shi har ya watsar da sha'awar, kuma uzurin yana da ƙarfi. Maganin da na ga ya fi shi ne a buɗe wa irin waɗannan waƙoƙi shafi na daban a ci gaba da ƙirga musu makonni, maimakon a yi kamar an daina sauraronsu.

Babban sauyi kuwa na'ura ce ta kawo shi. A 1991 Billboard ta daina dogaro da rahoton baki na masu shaguna da gidajen rediyo, ta koma ga ƙididdigar kwamfuta, nan take aka ga wasu nau'o'in kiɗa da ake rainawa sun fi yadda ake zato kasuwa. A 2005 ta shigar da waƙoƙin da ake saye a sauke ta intanet, a 2013 ta shigar da kallon YouTube, Ingila kuma ta fara ƙirga sauraro ta intanet a Yuli na 2014, inda sauraro 100 ya tsaya a matsayin ciniki ɗaya, daga baya aka mai da shi 150. Mai jadawalin gida shi ma ya sami nasa ma'aunin a manhajar intanet ta Last.fm, wadda aka kafa a 2002, wadda ke rubuta kowace waƙa da mutum ya kunna muddin ta wuce daƙiƙa 30 a tsawo kuma ya saurari rabinta ko minti huɗu daga cikinta. Daga nan masu sha'awar suka rabu gida biyu. Wasu suka ce lissafi ba ya ƙarya, abin da ka fi kunnawa shi ne abin da ka fi so. Wasu suka ce so ba ya ƙirguwa, domin akwai waƙar da mutum yake jin nauyinta har ba ya kunna ta sai jefi-jefi.

Duk wanda ya gwada miƙa wa na'ura alƙalancin gaba ɗaya ya san inda take tuntuɓe. Waya takan kwana tana kiɗa mai ita yana barci, ƙane ko ɗa yakan ari wayar ya maimaita waƙa guda har batir ya mutu, da safe sai a tarar da baƙuwa a mataki na ɗaya. Ga mai sauraron waƙoƙin Hausa akwai ƙarin matsala guda biyu. Ta farko, waƙar makaɗan gargajiya takan kai minti goma sha biyar ko fiye, amma na'ura sau ɗaya za ta ƙirga ta, yayin da waƙar minti uku za ta samu biyar a cikin lokaci guda. Ta biyu, yawancin abin da muke saurara daga mimori yake fitowa, wanda masu tura waƙa a kasuwa suka cika mana, ko wanda aboki ya turo ta waya, kuma Spotify, wadda sai a 2021 ta iso Najeriya, ba ta san da zamansa ba. Wannan ya sa ƙa'idojin suka sake juyawa: wani ya koma ƙirga mintuna maimakon yawan kunnawa, wani ya ƙayyade cewa waƙa ba ta samun maki fiye da uku a rana, wani kuma ya ba lissafin na'ura rabin maki ya bar wa zuciya rabi.

Batun mawaƙi ɗaya ya cinye jeri ba sai na tsawaita ba. A watan Maris na 2017 Ed Sheeran ya riƙe matakai 16 cikin 20 na saman jadawalin Ingila, kafin Yuli na shekarar aka kafa dokar cewa mawaƙi ba ya wuce waƙa uku a lokaci guda. Wannan doka ce da masu jadawalin gida suka karɓa hannu biyu, ni ma ban ga laifinta ba, tunda ba ta kori kowa ba, wuri kawai ta raba.

Akwai kuma ƙa'idojin da ba za a same su a Landan ko New York ba, waɗanda zaman ƙasarmu ya tilasta. Mutum da yawa suna ajiye kiɗa a watan azumi, to mai jadawali ya yanke shawara ko zai dakatar da lissafi har bayan Sallah, ko zai bar makonnin su ci gaba da ƙirguwa a kan waƙoƙin da ba ya kunnawa. Lokacin yaƙin neman zaɓe waƙoƙin siyasa sukan cika kunne daga kowace adaidaita sahu da kowane shagon caji, har mutum ya tsinci kansa yana rera waƙar ɗan takarar da ba zai zaɓa ba, sai a tambaya ko abin da ya shiga kai ba da izini ba yana da gurbi. Haka nan waƙoƙin bege, wasu ba sa yarda su haɗa su jeri ɗaya da na soyayya saboda girmamawa, sai su yi musu littafi nasu. Ƙa'idar da saurayi ya kafa a kan waɗannan abubuwa ba lallai ne magidanci ya ci gaba da ita ba, kuma sauyin ba abin kunya ba ne, domin mai sauraron ne ya sauya tare da na'urarsa.

Abin da nake jan kunne a kansa shi ne komawa baya a gyara. Yawancin masu wannan sha'awa suna fitar da gwarzuwar shekara ta hanyar maki, misali a jerin waƙa arba'in ta ɗaya ta sami 40, ta biyu 39, har ta ƙarshe ta sami ɗaya, a tara a ƙarshen Disamba. Wannan tsari yana fifita waƙar da ta daɗe a tsakiya a kan wadda ta haska ta ɓace, shi ya sa idan sakamako ya fito bai yi wa mai shi daɗi ba, sai ya ji sha'awar ƙara wa mataki na ɗaya maki domin wadda yake so ta haye. Wannan daidai yake da mai awo ya sauya mudu bayan an gama auna hatsi. Mafi muni shi ne wanda ya ɗauko littattafan shekarun baya ya sake jera su da sabuwar ƙa'ida, ko ya goge waƙar da a yau yake jin kunyar ya taɓa sonta. Billboard, duk da yawan sauye-sauyenta, ba ta komawa ta sake rubuta makonnin 1975 da ma'aunin yau. Idan za ta haɗa jerin zamani da zamani sai ta daidaita nauyin makin kowane zamani ta kuma sanar da cewa ta yi hakan, makonnin asali kuwa suna nan yadda aka buga su. Abin da ya kamata mai jadawalin gida ya kwaikwaya ke nan. Ya rubuta sabuwar ƙa'ida a shafin farko tare da ranar da ta fara aiki da dalilin kafa ta, ya fara amfani da ita daga mako mai zuwa ko daga farkon shekara, kuma kada ya yanke ta a makon da ya san wace waƙa za ta amfana.

Malam Edita, ina da roƙo guda ga jaridarku. Tun 2020 Najeriya take da jadawalin TurnTable da ke tattara lissafin rediyo da na intanet, amma waƙar da ke yawo daga mimori zuwa mimori a Kano da Gusau da Maraɗi ba ta barin sawun da irin wannan lissafi zai gani. Idan har za ku riƙa buga jerin waƙoƙin Hausa na mako ko na shekara, kamar yadda wasu kafafe suke yi, to ku buga ƙa'idar a ƙarƙashinsa: daga ina aka samo alƙaluman, wace rana mako yake farawa, waƙa nawa aka yarda wa mawaƙi ɗaya, da ranar da aka yi wa ƙa'idar gyara na ƙarshe.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naku,
Mai karatu daga Zariya