Wasiƙa zuwa ga Inna daga kasuwar albasa

Adjen Kotoku, Akara, Gana
Lahadi, 10 ga Disamba, 2023

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Yaya da yaranta, da Auta, da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar taki da sanyin hunturun nan? An gama shigar da dawa? Ni ma ina nan lafiya, sai godiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Dalili shi ne, duk sa'ad da na kira ki, da kin ce "ɗana, yaya kasuwa?" sai maganar ta maƙale mini a maƙogwaro, in ce "da godiya", in koma tambayar awaki. Wata huɗu ke nan ina ɓoye miki wata magana. Na riƙa ce wa kaina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na ga ɓoyon ya fara komawa ƙarya, kuma ba haka kika rene mu ba.

Kuɗin kwanon rufin ɗakinki da na yi alkawari, babu su. Jarina ma babu.

Kin san albasar da muke sayarwa a nan yawancinta daga Nijar take zuwa, 'yar Galmi, mai ja-jan nan da matan Akara suka fi nema. Shekara shida ina yi wa maigidana Alhaji aiki, ina sauke kaya, ina tsince, ina jiran rumfa. Tun muna Agbogbloshie a tsakiyar gari, har aka tashe mu a watan Yulin 2021 aka kawo mu nan bayan gari ta hanyar Nsawam, inda muka yi watanni muna kallon juna kafin masu saye su saba da nisan. Ga tsadar bara, lokacin da dalar da ake saye wajen sidi 6 na kuɗin Gana a farkon 2022 ta haura sidi 14 kafin shekarar ta ƙare. Duk da haka ban fasa zubin adashi ba. Bana da na kwasa, na ƙara da rance, Alhaji ya yarda aka sa mini buhu 30 nawa na kaina a cikin tirelarsa. Ranar da aka yi lodi a Galmi ban runtsa ba don murna, ina ta lissafin bandir nawa na kwano zai ishi ɗakinki.

Sai aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, 'yan kwanaki bayan haka aka rufe iyaka. Motarmu ta tsaya a Gaya, gadar da ake haurawa zuwa Malanbil ta ƙasar Benin tana gabanta, ba halin wucewa. Albasa kuwa ba dawa ba ce, Inna. Tun rani aka cire ta, ta riga ta yi watanni a ajiye, ga damina, ga tamfol a kanta, ba iska. Sai ta fara gumi, ɗaya ta ruɓe ta shafa wa 'yan'uwanta. Tafiyar 'yan kwanaki ta koma sama da wata guda. Abin da aka iya tsallakowa da shi a kwalekwale aka zuba a wata motar, ya iso mana a cikin Satumba.

Da hannuna na kwance buhun farko. Tun kafin in yanke igiyar, baƙin ruwa yana ɗiga ta gindinsa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Na tura hannu, hannun ya nutse har gwiwa kamar a cikin taɓo. Kwana biyu muna tsince, ni da wasu mata biyu masu dako da suka ji tausayina, muna ɓare ɓawo muna shanyawa a kan buhu. Cikin 30 ɗin nan, buhu 4 muka haɗa. Warin ya yi mako bai bar farcena ba.

Asarar ba ni kaɗai ta sama ba, wasu tirela guda suka rasa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da na shiga bayanta. Inna, na zama mai gunaguni. Kowane dare ina bencin mai shayi, duk wanda ya zauna sai ya ji labarin buhu 30. Bakina yana zagin zamani, zuciyata kuwa da Allah take shari'a. Ina ce masa a ɓoye: na ba da zakkata, ban taɓa algus a mudu ba, ban sa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu na rufe da mai kyau ba, ga waɗanda suke yin haka kayansu sun iso lafiya. Lahadi uku ban taka majami'a ba. Na kan ɗauki Littafi Mai Tsarki da kika ba ni in mai da shi ƙarƙashin matashi ban buɗe ba. Abin mamaki, kullum na tashi daga bencin nan zuciyata ta fi nauyi, kamar mai ƙishi yana shan ruwan gishiri.

Akwai 'yan taron addu'a da muke yi da Hausa ranar Laraba da dare a wani ɗaki a unguwar Mamobi. Ba mu da yawa, domin kusan duk Hausawan zango Musulmi ne, mu 'yan tsiraru ne daga Katsina da Kaduna da Filato. Wani dattijo a cikinmu, tsohon maigadi, ya hau toroto, wato ƙaramar motar haya, tun daga can ya zo har rumfa ya same ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya zauna a kan buhu, ya ce in buɗe masa Littafin Ƙidaya sura 11 in karanta, wai idonsa ba ya gani sosai.

Ki buɗe wurin, Inna, ki sa tabarau ki duba aya ta 5. Isra'ilawa suna jeji suna kuka, suna tuna kifin Masar da su kankana, har da albasa da tafarnuwa. Da na iso kan kalmar albasa sai muryata ta tsaya. Mutanen da aka raba musu teku suka ratsa, ga manna tana sauka kowane dare tare da raɓa, amma suna tsaye a ƙofar alfarwansu suna kukan albasa, suna cewa ba abin da idonsu yake gani sai mannan nan. Sun tuna tukunyar Masar, sun manta da bulalarta. Na ga kaina tsaye a cikinsu da buhuna.

Dattijon ya ce in ci gaba. A cikin surar nan dai, Musa ma ya yi kuka, kuma nasa ya fi nasu zafi. Ya tambayi Ubangiji don me ya ɗora masa nauyin jama'ar nan duka, shi ne ya haife su? Har ya ce in haka za a ci gaba, gara a kashe shi. Amma ba a hukunta Musa ba, sai aka ba shi dattawa 70 su taya shi ɗaukar kaya. Masu kwaɗayin kuwa suka sami naman da suka nema, wurin ya zama kabarinsu. Dattijon ya tambaye ni, "Mene ne ya raba kukan nan biyu?" Na yi shiru. Ya ce, "Su sun juya wa Allah baya suna maganarsa. Musa ya juyo ya dube shi ya faɗa masa."

Tun daga ranar nake juya maganar, kuma ke nake ta tunowa. Shekarar da Baba ya rasu, ga fari, ga mu huɗu. Ina kwance a bayan zana ina jin ki da tsakar dare kina addu'a da kuka, kina cewa, "Ubangiji, ka ga yaran nan, ka ga rumbun nan, har yaushe?" Ba ki sassauta murya ba, ba ki yi masa kara ba. Amma da asuba sai in ji ki a bakin turmi kina daka kina waƙar sujada, kuma ban taɓa jin kin zauna a gidan maƙwabta kina cewa Allah ya yashe mu ba. A lokacin na ɗauka mutum biyu ce ke, ta dare da ta safe. Yanzu na gane ta daren ce take ba ta safen ƙarfi. Dawuda ma a Zabura 13 sau huɗu ya tambaya har yaushe, kafin ya ƙare da waƙa. Ashe da Bulus ya ce wa Filibiyawa su yi kome ba tare da gunaguni ba, ba cewa ya yi mutum ya haɗiye ciwonsa ya yi murmushin dole ba. Shi kansa daga kurkuku ya rubuta.

A daren nan na rufe ɗaki na durƙusa, na faɗa wa Ubangiji duk abin da nake faɗa a bencin mai shayi, ban rage ko ɗaya ba. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun jana'izar Baba. Ban ji wata murya ba, kuma gari ya waye bashina yana nan yadda yake. Sai dai na yi barci, na kuma tashi ina jin yunwa, abin da na yi makonni ban ji ba.

Ba zan ce miki kome ya gyaru ba. Iyaka har yau a rufe take, kayan da suke zagayowa ta Burkina suna zuwa da tsada da fargabar hanya. Na koma dako da tsince. Amma idona ya fara ganin tawa mannar. Alhaji, wanda asararsa ta ninka tawa sau goma, ya kira ni ya ba ni buhu biyu bashi, ya ce in na sayar in kawo uwar kuɗi kawai. Matar da ta ba ni rance ta yarda in riƙa biya kaɗan-kaɗan kowace Asabar. Mai kokon bakin kasuwa ta yi mako biyu tana zuba mini koko da ƙosai ba ta karɓi ko kwabo ba. Duk wannan yana faruwa tun ina gunaguni, ni ne ban ƙirga ba. Akwai wata alama da mutanen nan suke sa wa a jikin kujerun roba da zannuwa, suna kiranta Gye Nyame. Na tambayi ma'anarta, aka ce mini kusan abin da mu muke cewa "sai Allah" ne. Shekara shida ina zama a kan irin kujerar nan ban taɓa tambaya ba.

Na ji saƙon muryar da Auta ya turo mini, yana cewa tun da man fetur ya tashi a watan Mayu acaɓa ba ta fitar da kome, ga tsoron hanyar gona, wai Allah ya manta da gidanmu. Don Allah kada ki yi masa faɗa, na san inda yake tsaye, jiya-jiya na taso daga wurin. Ki ba shi takardar nan ya karanta da kansa, ki ce in ya shirya ya kira ni da dare, ni zan mai da kiran.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki sayar da gonar fadama ko tunkiyarki don ki taimake ni. Na san halinki, shi ya sa ma na daɗe ban faɗa ba. Bashin nan zan biya shi da ƙarfina, in Ubangiji ya yarda kafin Ista na rage rabi. Kirsimetin bana ba zan samu zuwa ba. Na ba direban da zai kawo takardar nan turmin atamfa ɗaya naki, da ɗan abin da za a sayi shinkafa da kaza. A sa leda a kan wurin da yake yoyo tukuna, Auta ya san yadda na yi wancan karon.

Ki gaishe mini da Fasto da iyalinsa, da Kawu, da 'yan Zumuntar Mata. In kun taru ranar Alhamis, ki faɗa musu gaskiyar abin da ya same ni, ba sai kin rufa ba, su sa ni a addu'a. Ki sa Alhaji ma, hawan jini yana damunsa tun Satumba.

Ni ne ɗanki mai ƙaunarki,
daga Akara.