Wasiƙar Godiya ga Shagon Walda na Hanyar Kongolam, Daura

Zuwa ga Alhaji mai shago da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kwamitin iyayen tsangayarmu ne ya ɗora mini nauyin rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin mutanen Daura su san abin da kuka yi wa almajiranmu na koya musu sana'ar walda, ko da yake mun san ba don a faɗa kuka yi ba.

Tsangayar tana bisa tudu a bayan gari, kuma da zarar ruwan Agusta ya kankama, kwarin da ya kewaye ta yakan cika har ta koma tsibiri, sai wanda ya naɗe wando ya ratsa. A can ana tashi tun kafin asuba. Ƙolo da titibiri, wato ƙananan almajirai, su yi ta biya allo har hantsi, wanda ya iya ya wanke, ya rubuta sabo da tawada, Alaramma ya ɗora masa, gardawa kuwa su koma gefe suna tilawa, da dare a sake haɗuwa a bakin wuta. Hutu ba ya zuwa sai yammacin Laraba, ya ƙare ranar Juma'a.

Wannan ɗan hutun ne kuka karɓa, kuma a nan godiyarmu ta fi nauyi. Galibin masu sana'a yaron da zai wuni a shago kullum suke so, shi ya sa gardi kan rasa yadda zai yi, ko ya bar izu sittin ko ya bar sana'a. Ku kuwa kun amince su zo Alhamis da safiyar Juma'a kawai, ba ku nemi kuɗin koyo ba, kun ba su tabarau na kare ido, kuma duk wanda Alaramma ya ce ya kusa sauka kukan ɗaga masa ƙafa har ya kammala. A ganina wannan haƙurin ya fi kyautar kuɗi.

Dama can gardawan nan su ne masu sharar masallaci, da yashe magudanan ruwa kafin damina, da haƙa kabari idan an yi rashi, da gayyar noma a gonakin tsofaffi. Yanzu da hannunsu ya faɗa, su suka gyara ƙofar maƙabarta da makarar unguwa, sannan tare da ma'aikatanku suka haɗa 'yar gadar ƙarfe a kan kwarin, da ragowar ƙarafan da kuka bayar. Mata masu zuwa awo da masu tallan nono sun fi mu morar ta.

Ba mu manta da 2020 ba, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a motoci, kuma mun ji an kafa hukumar tarayya ta almajirai a 2023. Muna fatan aikinta ya iso gare mu. Kafin nan, gardawan da ke zuwa shagonku sun daina yawon bara, da guminsu suke sayen sabulu da takalmi.

Allah ya yi wa dukiyarku albarka, ya jiƙan magabatanku, ya tsare ma'aikatanku daga haɗarin wuta da ƙarfe.

Wassalam.

Naku,
Sakataren kwamitin iyaye, a madadin Alaramma,
Daura, Jihar Katsina