Gwamna Dikko Raɗɗa, kai ma ka taɓa zama ciyaman

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan gwamnanmu na Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa.

Yaran yanzu da yawa sun san shi ne daga SMEDAN, hukumar tarayya mai bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ko daga zaɓen 2023, amma mu da muka ɗan manyanta mun san shi tun yana ciyaman na ƙaramar hukumar Charanchi zamanin marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Daga nan ne tafiya ta miƙa, ya zama shugaban ma'aikatan gidan gwamnati wajen Masari a 2015, Buhari ya kai shi SMEDAN a 2016, har Allah ya ba shi kujerar gwamna aka rantsar da shi 29 ga Mayu 2023. To mutumin da ya zauna a ofishin ciyaman ba sai an ba shi labari ba wallahi, ya san yadda mutane ke cika sakatariya tun da safe, wannan fanfon garinsu ya lalace, wancan rufin firamare iska ta kwashe, wata ga takardar asibiti a hannu, shi kuma ciyaman kuɗin hukumarsa na can asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi sai abin da aka sako masa daga sama, ga albashin malaman firamare ya cinye kusan duka.

Shi ya sa nake ganin ko wane gwamna zai kawo uzuri a kan hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomi, to ban da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na yaba da askarawan tsaro da ya kafa a 2023, mutanen Jibiya da Batsari da Safana da Faskari sun san irin baƙin cikin da 'yan bindiga suka jefa su. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 2025, APC ta kwashe duka 34 babu ko ɗaya da ta kuɓuce. Na sani ba Katsina kaɗai ba, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke cinyewa, amma ai idan kujerar ciyaman ta zama sai wanda aka nuna daga gidan gwamnati to yaron kirki da ke kansila yau a Baure ko Ɗanja ta ina zai bi ya hau?

Ranka ya daɗe, ka sakar wa ciyamomi mara su yi aiki, ka sa kowannensu ya riƙa manna abin da ya shigo da abin da aka kashe duk wata a allon sakatariya mu gani, kuma zaɓe mai zuwa a bar mutane su zaɓi wanda suke so.

Na gode Malam Edita.
Mai karanta jaridarku daga Funtuwa