Masu Zaurukan Biki, a Gyara Yadda Ake Rubuta Rana a Manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da masu zaurukan biki da taro na Kano da Kaduna da Abuja. Da yawansu sun ajiye littafin rajista sun koma manhajar kalanda, wasu Google Calendar, wasu wadda aka ƙera don harkar zaure, amma har yanzu ana ba iyalai biyu wuri ɗaya a lokaci ɗaya, musamman gab da azumi da bayan Sallah da watan Disamba. Galibi matsalar daga wajen shigar da bayani take.

Babban kuskuren shi ne rubuta lokacin taro kaɗai. Kamu daga ƙarfe 4 zuwa 6, dina daga ƙarfe 8, a allo sai ka ga kamar akwai sarari. Alhali masu kwalliyar zaure na buƙatar awa uku ko huɗu su ɗaura labule, su jera kujeru, mai sauti ya gwada kayansa, sannan shara da kwashe kwanukan taron farko za su ci aƙalla awa ɗaya. Ga kamu ba ya tashi a kan lokaci. Don haka kowane taro a ba shi gurbi uku a manhaja: na shiri, na taron, da na kwashe kaya. Kuma a daina dogara da shafin da ke nuna wata guda, domin ba ya nuna tsawon kowane taro. Shafin rana da na mako ne ke nuna inda awanni suka hau kan juna.

A bambanta wanda ya tambaya da wanda ya biya. Wanda ya ce a riƙe masa rana a sa masa launin rawaya da wa'adin kwana uku, wanda ya ba da kafin alƙalami a mayar da shi kore, a rubuta lambar rasit a ciki. Idan gini na da zaure biyu, kowanne da kalandarsa. Mutum ɗaya ko biyu ne za su iya gyarawa, sauran ma'aikata su duba kawai. Alkawarin da aka yi a waya ko WhatsApp ba a shigar ba, shi ne yake haifar da rigima a bakin ƙofa.

Sai saitin kwanan wata. Manhajar da aka bari a tsarin Amurka tana fara rubuta wata kafin rana, sai 03/04 ya zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Wadda aka bari a agogon Landan kuwa za ta yi daidai da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan ta koma baya da awa ɗaya, saboda Ingila na sauya agogo, Najeriya ba ta yi. A zaɓi agogon Legas.

Wanda ya ce walimarsa washegarin Sallah, a riƙe masa kwana biyu a jere, tunda kalandar Hijira ta cikin manhaja lissafi ce, mu kuwa sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata muke jira. Kowace Litinin kuma a buga jadawalin mako a takarda a manna a ofis, saboda ranar da intanet ta ɗauke.

Wassalam,
Wani manajan zauren taro, Kano